Darasi: Ido a Kan Maƙwabci, Rumbu Yana Ƙarewa

Karatu: Matiyu 20:1-16, Farawa 41:33-36

 A zagayen da muke yi cikin ikilisiyoyi, abu ɗaya muke ta gani. A watan Nuwamba da Disamba, lokacin da hatsi ke araha, iyalai suna sayar da shi buhu-buhu. A Yuli da Agusta kuma sai su koma kasuwa suna awo mudu-mudu da tsada, wasu ma da bashi. Me ke kawo haka?

Na farko, abin da ke gaban ido shi ke jan hankali. Da kaka rumbu cike yake, Kirsimeti kuma ya kusa. Kuɗin makaranta na Janairu da takin zamani na damina ba a ganinsu, sai mu manta da su.

Na biyu, gwada kai da wani. Ma'aikatan gonar inabi sun yarda da dinari ɗaya tun da safe. Ba a rage musu ko kwabo ba, amma da suka ga na baya sun sami daidai da su, sai gunaguni ya tashi. Mu ma haka muke. Tsohon kekenmu ya ishe mu, har ranar da maƙwabci ya sayi babur. A kasuwa ma, idan ɗan kasuwa ya fara da kuɗi mai yawa sannan ya rage, sai mu ga mun ci riba, alhali ba mu auna da aljihunmu ba.

Yusufu ya hangi shekaru bakwai na yunwa tun ana cikin ƙoshi, ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar. Kafin mu kai buhu ɗaya kasuwa, bari maigida da uwargida su zauna su lissafta abincin gida har sabon amfani, su ware iri, zakka, kuɗin makaranta da na magani. Abin da ya ragu shi ne na zane da nama. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Me muka saya bara domin mun gani a gidan wani?
2. Ta yaya Zumuntar Mata ko adashinmu zai taimake mu mu riƙe hatsi har damina?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu wadar zuci da hikimar tanadi. Amin.