Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Tarihin Gidajenmu

Wani malamin sakandare daga Fakku, ƙaramar hukumar Kebbe, yana tambaya: yaya zai koyar da ɗalibansa tarihin gidajen garinsu?

To Malam, mun gode. Fara da cikin gari. Nemi izinin mai gari, ka raba ɗalibai zuwa wurin dattawan magina. Su tambaya ina aka haƙa ƙasar tubali, me ya sa ake yin azara da giginya (gara ba ta cinta), yaushe kwano ya fara maye gurbin jinka. Su auna zaure ɗaya, su zana shi, har da indararo da inda rumbu yake. A gaggauta, don masu wannan sani suna ƙarewa, damina kuma tana cin tsofaffin soraye.

Daga nan sai takardu. A Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. A Kaduna, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa na riƙe da rahotannin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomin Lardin Sakkwato bayan 1903. Amma a ja hankalin ɗalibai: Turawa sun ƙidaya gidaje ne domin haraji, saboda haka a gwada rubutunsu da abin da dattawa suka faɗa.