Kafin Ka Kai Littafin Maɗaba'a

Malam, na ji daɗin labarin littafin da kake shirya wa ɗaliban sakandare a kan waƙar baka, Allah ya sa albarka. Sai dai kafin ka kai shi maɗaba'a ina so ka ɗan dakata a kan baitocin Shata da na Ɗan Maraya da ka zuba a ciki, domin suna da masu su.

Mutane da yawa gani suke da zarar mawaƙi ya rasu, waƙarsa ta zama ta kowa. Ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga sai ƙarshen 2069 ke nan. Ɗan Maraya Jos kuwa a 2015 ya rasu. Waƙoƙin nan gado ne kamar gona, kuma haƙƙin magada ba abin wasa ba ne.

Dokar ba ta ƙuntata wa malami ba. Ka kunna waƙa a aji, ka rubuta baiti a allo ku yi nazari, wannan aikinka ne. Ko a littafi akwai sassauci ga ɗan tsakure don sharhi, in ka ambaci mai waƙar. Abin dubawa shi ne yawan abin da ka ɗiba, da ko sayarwa za ka yi, da ko hakan zai rage wa masu haƙƙin kasuwa. Waƙa sukutum a littafin da aka sa wa farashi ta wuce nan.

Wa za ka tambaya? Kalmomin waƙa da karinta na mawaƙi ne, ko magadansa, ko kamfanin da ya sayar wa. Sautin da aka naɗa kuwa haƙƙi ne daban, galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗar, don haka in za ka haɗa littafin da faifai, izini biyu kake nema. Idan daga littafin wani ka kwafo baitocin, duba bayan shafin farko, sunan mawallafin yana nan. Ka rasa bakin zaren, ka tuntuɓi Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ko ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗinsu.

Takardar neman izinin ka yi ta gajera: sunan waƙa, daga wane baiti zuwa wane, kofi nawa za ka buga, kyauta ne ko na sayarwa. Ka rubuta da wuri, amsa takan ɗau lokaci, kuma shiru ba yarda ba ce. Ko da babban ɗan marigayin ya ce maka "ai ba komai, Malam," ka roƙe shi cikin ladabi ya sa hannu, don ba shi kaɗai ne magaji ba. In an ƙi, bayyana wa ɗalibai jigon waƙar da kalmominka, ka faɗa musu inda za su saurare ta.