Nisan Kano zuwa Jidda ta sama, da yadda yake shiga kuɗin tikiti

Idan aka miƙe daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan bai wuce kimanin kilomita 3,400 ba. Ma'aikatan jiragen sama kuwa da mil na ruwa suke awo, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.852, don haka a takardunsu tafiyar takan kama mil 1,850 ko kusa da haka. Jirgin fasinja na zamani yakan ci kilomita 850 a sa'a idan ya daidaita a sama, wato sa'o'i huɗu ke nan, sai a ƙara ɗan lokacin tashi da sauka. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da sa'o'i biyu, abin da ke sa ɗan kasuwa ya ga kamar zuwa ya fi dawowa tsawo a jikin tikiti.

Wannan awo na miƙaƙƙiyar hanya ce a bisa doron duniya, wadda ta bi ta gefen tafkin Chadi, ta ratsa ƙasar Chadi da Sudan, sannan ta ƙetare Bahar Maliya. Amma jirgi ba ya bin ta sak. Akwai hanyoyin sama da aka shata, kuma kowace ƙasa tana da iko da sararin samaniyarta, tana karɓar kuɗi daga jirgin da ya ratsa, tana kuma iya rufe shi.

An ga haka a fili a shekarar 2023. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jiragen Nijeriya suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, har aka yi ƙarin dala 250 a kan kujerar kowane mahajjaci. Garuruwan biyu dai suna inda suke, hanyar ce ta canja.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa kuɗin tikiti yana bin nisa kilomita da kilomita. Kuɗin sauka a fili, da na masu ɗora kaya, da man da jirgi ke sha wajen tashi, duk sai an biya su ko tafiyar gajera ce ko doguwa. Shi ya sa kowace kilomita takan fi tsada a gajeriyar tafiya. Har ila yau, wanda ya bi ta Alƙahira zai yi tafiyar kilomita 4,300 ko fiye, amma wani lokaci tikitinsa ya fi araha, domin kamfanin yana cika kujeru da fasinjojin garuruwa da yawa. Abin da ya rage a aljihu, a zaman jira yake biyansa.

Ga mai aiko kaya kuma akwai wani lissafin. Bisa ƙa'idar da kamfanoni ke bi, kowane santimita 6,000 na girman kunshi ana lissafa shi kilo ɗaya, sai a caji wanda ya fi yawa tsakanin nauyi da girma. Dilar abaya ko darduma mai ɗaukar wuri tana iya cin kuɗin da ya zarce nauyinta a sikeli.