Harajin Mai Arziki da Maganin Talaka

Karatu: Markus 12:41-44, Romawa 13:6-7

Ya ku 'yan'uwa, tambayar da za mu bincika a wannan wata ita ce: wa ya kamata ya ɗauki nauyin maganin talaka?

1. Ciwon da ba ya duban arziki

Bari mu fara daga bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya kwanta har Warra da Yawuri. Tafkin ya ba mu kifi, amma katantanwa ma ta sami mazauni, ita ce kuwa ke goyon tsutsar tsargiya. Yaro mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga katantanwa ta yi yawa, sa'an nan ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai su. Ba ta tambaya ko ɗan wane ne.

Attajiri ya kan kai ɗansa asibitin kuɗi ya warke. Madalla. Amma in sauran yaran gari ba su sha magani ba, ruwan yana nan da cutarsa, baɗi kuwa ɗan nan zai sāke kamuwa. Ashe lafiyar ɗan attajiri tana ɗaure da ta ɗan masunci.

2. Asibiti iri biyu

Ba mu zargin asibitin kuɗi, gama likita ma yana da iyali, sau da dama kuma a kan sami kula da sauri a wurinsa. Amma shi mai kuɗi a hannu ya ke jira. Rabon magani ga dukan 'yan makaranta, da allurar rigakafi, da ungozoma a tunga mai nisa, babu riba a cikinsu. Sai da kuɗin jama'a, watau haraji.

A ƙasarmu, cikin kowace naira 100 da a ke kashewa a kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun masu ciwo su ke fita. Mun san ma'anar wannan: a sayar da koma, ko kwalekwale, ko shinkafar iri. Mutanen Ingila sun ɗauki wata hanya tun 1948, haraji ke biyan likita, mai ciwo ba ya biya a bakin ƙofa.

3. Wa zai biya?

Dattawanmu suna tune da kuɗin kai da jangali, yadda su ka danne talaka, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979. Dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki a Janairu 2026, ta yafe wa wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Daga nan harajin yana hawa bisa ga samu, har ya kai kashi 25 cikin 100 a kan abin da ya haura naira miliyan 50.

Ko wannan adalci ne? Mu tuna yadda Ubangijinmu ya auna baikon gwauruwar nan: ya duba abin da ya rage mata bayan ta bayar. Naira dubu daga hannun masunci tuwon dare ne, attajiri kuwa ko ji ba zai yi ba. Kaya daidai wuyan mai ɗauka a kan aza shi.

4. Abin da ya rage gare mu

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba tukuna. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya ta matakin farko, watau irin ƙananan asibitocin ƙauyukanmu.

Manzo Bulus ya koya mana cewa masu mulki ma'aikata ne a ƙarƙashin Allah, ma'aikaci kuwa dole ya ba da lissafi. Domin wannan, ɗan'uwa mai wadata, kada ka ɓoye samunka. Mu duka kuma mu je ɗakin shan magani na garinmu, mu tambaya da ladabi: nawa aka aiko, me aka saya?

Tambayoyi domin bincike

1. Don me maganin yaro ɗaya ba ya kawar da tsargiya daga gari?
2. Wane aiki ne asibitin kuɗi ba zai yi ba?
3. Wa za mu aika daga ekklesiyarmu ya yi wannan tambaya kafin ƙarshen wata?