Tsohuwar Mota da Man Fetur

Ɗan'uwa, ka taɓa shiga tsohuwar Peugeot daga Magarya zuwa Dungas, ka ji inji yana ƙwanƙwasa? Sau da yawa laifin mai ne. Fetur yana da lambar ƙarfi, sunanta oktan. In ta yi ƙasa, sai man ya fashe cikin inji ba bisa ƙa'ida ba.

A da, ana zuba dalma cikin fetur don hana haka. Amma dalma guba ce, hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwar yara. Shi ya sa ƙasashenmu suka daina a 2006.

To, in motarka tana ƙwanƙwasa, kada ka nemi dalma. Kai ta wurin makanike. Ka kuma kula da man kwalba, don wasu suna gauraya shi da kananzir.