Gane Tsohon Soja Cikin Majinyata Marasa Muhalli

A ƙasar Amurka, inda ƙidayar watan Janairun 2024 ta sami tsofaffin sojoji 32,882 ba su da muhalli, akwai wata mas'ala da ta daɗe tana damun ƙananan asibitocin da ke duba marasa galihu: mutum yakan zo da tari ko gyambo a ƙafa, a wanke, a ɗaure, a sallame shi, alhali kuwa mai yiwuwa yana da haƙƙin magani da tallafin haya a Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji, wadda ake kira VA, amma ba wanda ya sani, domin ba wanda ya tambaya.

Asalin illar, a ganina, lafazin tambayar ne. Idan ma'aikacin jinya ya ce, "Kai tsohon soja ne?" da yawa sukan girgiza kai, wani don yana zaton laƙabin na wanda ya shiga fagen fama ne kaɗai, wani don an sallame shi ba bisa yabo ba, kunya ta rufe masa baki, mata kuwa, da yake ido bai saba ganinsu cikin kaki ba, galibi ma ba a tambayarsu. Abin da ya dace shi ne a ce da kowane majinyaci, namiji ko mace, "Ka taɓa yin aikin soja?" sa'an nan a saurara, kada a yi garaje.

In ya amsa, sai a bi shi a hankali: wace runduna, wace shekara, wace ƙasa? Hikimar wannan ita ce, wanda ya je Biyetnam wataƙila ya haɗu da gubar Agent Orange, wanda ya je Iraƙi ko Afghanistan kuwa mai yiwuwa ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara, kuma dokar PACT ta 2022 ta faɗaɗa haƙƙinsu duka.

Kada a ce sai ya kawo takardar sallamarsa, wato DD-214, tun da mai kwana ƙarƙashin gada, wanda ruwa ya sha jiƙa masa jaka, da wuya ya riƙe takarda. Ana iya neman kwafinta daga ma'ajiyar bayanan sojoji da ke St. Louis. Hukuncin cancanta kuma na VA ne, ba na asibiti ba.

Ya kai ma'aikacin lafiya, ka rubuta amsarsa a fayil, ka nemi izininsa, ka sada shi da jami'in shirin gidaje na HUD-VASH tun bai fita ƙofa ba, domin wanda ba shi da adireshi, in ya tafi, samunsa sai an sha wuya.