Mu san balbela

Duk wanda ya bi bakin Gulbin Maraɗi wajen Tibiri da Gidan Rumji, ko Gulbin Kaba wajen Gazawa, ya ga balbela. Haka ma a tabkunan damana na ƙasar Agye. Amma mutane da yawa suna haɗa ta da zalɓe.

Balbela fara ce fat. Bakinta rawaya ne, gajere. Tsawonta kamar santimita 50, nauyinta bai cika wuce rabin kilo ba. Da damana, lokacin ƙwai, gashin kanta da na ƙirjinta da na bayanta yana yin ja-ja kamar ƙasa. Zalɓe kuwa toka-toka ne, tsayinsa ya kusa mita 1. Shi kaɗai yake tsayawa cikin ruwa, yana jiran kifi. Balbela ba ta da wannan haƙuri. Cikin garke take yawo, kuma ta fi son bin shanu bisa tudu. In tana tashi sama, lanƙwashe wuya take yi. Shamuwa miƙe nata take yi.

Me ya sa take bin shanu? Ana cewa kaska take ci. Kaska kaɗan ce cikin abincinta, wannan aikin carki ne. In saniya tana tafiya, ƙafafunta suna tada fara da gyare da ƙudaje daga cikin ciyawa. Sai balbela ta cafke su. Haka take bin mai huɗa da garma, tana tsince tsutsa. Tana cin kwaɗi da ƙananan ƙadangaru kuma.

To, farar nan ita ce mai cin hatsi da wake tun suna ƙanana. Balbela tana rage ta kullum, ba a biya ta ko dala ba.

Tana yin sheƙa bisa manyan itatuwa, sau da yawa cikin gari, su da yawa wuri guda. Ƙwai 2 zuwa 5 take yi, masu ɗan shuɗi. Uwa da uba suna kwanci bi da bi, kamar kwana 23. Bayan wata guda ƴaƴan sun fara tashi.

A nan ne rigima take. Kashinsu yana wari, yana ɓata inuwar da ake zama. Wannan gaskiya ne. Shi ya sa waɗansu suke sare rassa, yara kuma su kwashe ƴaƴan. Amma zaman na ƴan watanni ne, kuma kashin taki ne mai ƙarfi. A share shi, a kai gona. In rijiya tana kusa da itacen, a yi mata marufi.

Maganin fara shi ma yana kashe ta. In ta ci farar da aka fesa wa magani, gubar ta shiga cikinta. Kada a fesa magani bakin tabki, kada a wanke famfon feshi cikinsa. Manomi ya nemi shawarar malamin gona tukuna.

Tsuntsuwar nan matafiyiya ce. Daga Afirka ta ƙetare teku da fikafikanta. A 1877 aka gan ta a Amurka ta Kudu, a 1941 ta kai Amurka ta Arewa. Can ma shanu take bi.